Shekara guda ina amfani da lasisin AGPL

Manhajar lissafin adashi, susu ke nan a bakin mutanen Accra, na rubuta wa 'yan kasuwar unguwar Nima. Da farko lasisin MIT, wanda ke barin kowa ya kwafi manhaja ya yi yadda ya so da ita, na sa mata saboda gajartarsa. Sai wani yaro ya kwafe ta, ya ɗora a intanet yana karɓar sidi duk wata, gyaran da ya yi kuwa ko ƙyallinsa ban gani ba. Bai yi laifi ba, MIT ya yarje masa. Lasisin GPL ma, mai tilasta wa wanda ya rarraba manhaja ya fito da gyaransa, da bai hana shi ba, tunda bai rarraba manhajar ba, a shafinsa kawai ake amfani da ita. Sai na koma lasisin AGPL na 2007, wanda ya toshe kafar: ka gyara ka ɗora wa jama'a, dole ka ba su lambobin asali, wato rubutun da aka gina manhajar da shi. Aibinsa, wasu manyan kamfanoni na gudunsa, har Google. Ni dai ban bar AGPL ba.