Kafin ka ɗaura wa karsana igiya: wace iri ce za ta zauna a ƙasarka?

Ranar kasuwar shanu a Adumri, kusa da Garwa, ido ne ke fara sayayya kafin hankali ya iso. Ni ma haka ta faru da ni: na ga jar karsana doguwa mai ƙaho kamar baka, dillali na ta cewa "Alhaji, irin wannan ba ta kwana a kasuwa", na biya har da la'ada. Na kai ta gonarmu da ke bakin kurmi ta wajen Faro, damina ɗaya sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ya gama da ita. Karsanar ba ta da aibi, wurin ne ba nata ba.

Jar nan Rahaji ce, ta Bororo. Ba ta da na biyu wurin doguwar tafiya da jure yunwar rani, amma nononta kaɗan ne, ga ƙiwa, kuma ba ta son turke. In ba kiwon yawo za ka yi ba, bar wa masu ita. Bunaji, farar nan mai baƙin kunne da baƙin hanci, ta fi ta sauƙin kai da nono, ita nake ba wa mai fara kiwo shawara. Wadara ta Larabawan Shuwa, wadda ta fi yawa daga Bogo zuwa Kusiri da cikin Chadi, ba ta da girman jiki sosai amma tana da madara, ƙasa busasshiya take so.

Gudali kuwa ta tudun Ngaundere ce: gajeren ƙaho, babban tozo, jiki a cike, ga ladabi. Don turka ko garma ita ce zaɓina. Tashar bincike ta Wakwa ta daɗe tana aiki a kanta, har an haɗa ta da Brahman na Amurka aka fitar da wani iri mai sunan tashar. Sai dai ƙudan tsando ba ya raga wa Gudali. Shi ya sa daga 1976 zuwa 1994 aka yi ta feshi da jirgi a Adamawar Kamaru don a ƙwato wa shanu makiyaya. Duk masu tozo haka suke, wasu dai sun fi wasu saurin faɗuwa.

A nan ne 'yar ƙaramar Namci ta mutanen Dowayo da ke Poli take shigowa. Ba ta da tozo, ba ta da tsawo, a kasuwa dariya ake mata. Amma ƙwayar sammore kan shiga jininta ta ci gaba da kiwo da haihuwa, inda Gudali za ta rame ta kwanta. Mai gona kusa da dazukan Faro ko Binuwai ya dube ta da kyau. Matsalar ita ce samun ta tsantsa, don an gauraya ta da masu tozo sosai, kuma masu ita ba sa son rabuwa da ita. Kada ka ɗauka duk marar tozo haka take: ta Kapsiki, ta duwatsun Mokolo, da aka gwada su ba ta kai Namci juriya ba. Kuri ta Tafkin Chadi, mai kumburarren ƙaho, wadda ke iyo tsakanin tsibirai, abin kallo ce kuma ga nono, amma in ka raba ta da tafkin ka cuce ta.

To, ka zaɓi iri. Saura ita dabbar da ke gabanka. Sa a kama maka ita, ka buɗe baki. Saniya haƙora takwas ne gare ta a gaban muƙamuƙin ƙasa, sama dadashi ne kawai. In manya biyu sun fito a tsakiya, ta kai shekara biyu zuwa biyu da rabi. In takwas ɗin duk manya ne, ta doshi biyar, ko dillali ya rantse. Shanunmu kan yi haihuwar fari wajen shekara huɗu, ciki wata tara da 'yan kwanaki, don haka mai haƙori biyu ko huɗu ita ce ta kiwo.

Ja fatar ido ƙasa. Ja-ja ake so. Fari fat alamar jini ya ƙare, ko sammore ko tsutsa. Shafa gaban kafaɗa, in ka ji kaluluwa ta tashi kamar ƙwan kaza, yi hattara. Kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa yakan nuna tsutsar hanta, wadda dodon koɗi ke yaɗawa a fadama, kuma shanun da suka yi rani a bakin tafkin Lagdo ko kwarin Logon sun fi fama da ita. Wannan tana jin magani, sai ka rage kuɗi kawai. Wadda ban yarda a saya ba ko da araha ita ce mai kumburin gwiwa ko wadda aka ce ta taɓa ɓari: bakkale ke nan, yana bin garke, yana kama mutum ta ɗanyen nono.

Sannan ka durƙusa ka duba hantsa da gindin wutsiya. Babbar kaskar nan mai zane a baya tana da dogon baki, takan lalata kan nono har ya toshe, kuma inda ta yi yawa kirci, ciwon fata, na biye. Ƙirga nonuwan, huɗu, kowanne a buɗe.

Tambayi inda ta yi kiwon bara da ko an mata rigakafin ciwon huhu. In ka kai ta gida, ware ta daga sauran kamar wata guda, ka kira ma'aikacin dabbobi ya duba ta. Allurar sammore da ake shimfiɗawa a rana a gefen kasuwa akwai jabu a ciki, saya a shagon da ka sani.