Faifan YBCO na gwaji a aji: kayan sun yi, takardar bayanin ce ta gaza

Malaman fiziks da ke shirin yin odar kayan gwajin sufakondakta (abin da ke daina turje wa lantarki in ya yi sanyi sosai) ta intanet, ga abin da na gani ina amfani da su a ajina. A kwalin akwai baƙin faifan YBCO, ƙaramin maganaɗisun niyodimiyam, hantsakin roba da ɗan kwanon soso. Ruwan naitirojin da ake sanyaya faifan da shi kai za ka nemo. Ni wajen likitocin dabbobi masu adana maniyyin shanu nake samu, kuma don Allah kada ka rufe bakin fulas ɗin gam, fashewa zai yi.

Faifan kam ya biya kuɗinsa. YBCO haɗi ne na yitiriyam, bariyam, jan ƙarfe da oksijin, wanda Paul Chu da M. K. Wu suka gano a Amurka a 1987. Yana daina turje wa lantarki a wajen digiri 92 a ma'aunin zafi na kelbin, naitirojin kuwa yana tafasa a 77, shi ya sa gwajin ke yiwuwa a kan tebur. Da faifan ya yi sanyi, maganaɗisun ya tsaya a iska cak.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar da ke cikin kwalin. Ta ce wai tasirin Meissner ne kawai, wato faifan na korar filin maganaɗisu gaba ɗaya. In da haka ne, maganaɗisun zai zame gefe ya faɗi. Amma ka ɗora shi a kan ɗan kwali, ka sanyaya faifan, sannan ka zare kwalin: zai kafe a daidai wannan tsayin, ka tura shi ya dawo, ka ɗaga shi faifan ya biyo shi. Kora kaɗai ba ta yin haka.

Sirrin yana cikin tsayi biyu da takardar ko ambatonsu ba ta yi ba. Filin maganaɗisu na kutsawa cikin YBCO kamar nanomita 150. Tazarar da ilektoron biyu ke riƙe da juna a matsayin tagwayen Cooper kuwa ba ta wuce nanomita 2 ba, a tsakanin shimfiɗun atom na YBCO ma ba ta kai rabin nanomita ba. A alminiyam wannan tazara ta kai nanomita 1600. Raba 150 ɗin da 2 ɗin, ka samu 75, alhali da zarar an haura 0.71 an shiga rukuni na biyu na sufakondakta, inda filin ke ratsa faifan a siraran zare, kamar yadda masanin fiziks Abrikosov ya lissafa a 1957. Tsakiyar kowane zare siririya ce ƙwarai, sai ta maƙale a 'yan tabon da ke jikin faifan kamar akuya a turke. Wannan ne ya kamata ɗalibi ya fita aji da shi.

Gajartar tazarar tagwayen nan ce kuma ke bambanta kayan kasuwa. Faifai mai araha gari ne aka danne aka gasa, lantarki na wahalar tsallake iyakar ƙwayoyinsa, sai ka ga maganaɗisun ƙasa-ƙasa yana rawa. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko narkakke ne da aka rene shi ya zama ƙwaya ɗaya. Ya fi tsada, amma shi nake ba da shawara.

Laima na lalata faifan. Bayan kowane gwaji a bar shi sanyin ya sake shi, a goge raɓar tas, a ajiye cikin leda mai zif, musamman da damina.