Hattara da Masu Sayar da Na'urar Kiɗa ta "Hi-Res" Haɗe da Katin Waƙoƙi Kyauta

Jama'a masu kunnen jin kiɗa, a yi hattara. Akwai wata damfara da ta yi yawa a kasuwannin intanet, kuma waɗanda ake hari su ne masu son sauti mai tsabta, waɗanda suka gaji da abin da wayarsu ke fitarwa suke neman ƙaramar na'urar kiɗa ta aljihu. Tallar takan zo da abu uku a dunƙule: na'ura mai tambarin Hi-Res Audio (alamar iya fitar da sautin da ya zarce na faifan CD), sunan wani babban ayisin DAC (ɗan guntun lantarki da ke juya fayil ya zama sauti) na kamfanin ESS ko AKM ko Cirrus Logic, sai katin memori mai ɗaruruwan gigabayit da aka ce an cika da waƙoƙin FLAC (nau'in fayil da ke matse sauti ba tare da zubar da komai ba) kyauta. Sau da yawa duka ukun na bogi ne. Abin da mai sayarwar ya dogara da shi ɗaya ne: kafin ka gane, wa'adin mayar da kaya ya wuce. Saboda haka duk gwajin da za mu faɗa a nan, a yi shi a kwanakin farko da kayan suka iso.

Fara da katin, domin shi ne ya fi saurin tona asiri. Kafin ma ka saya, yi lissafi. Sautin faifan CD bit 16 ne a kan 44.1 kHz, wato 1,411 kbps, kimanin megabayit 10 a kowane minti. FLAC yana matse shi zuwa rabi ko ɗan fiye, don haka waƙar minti 4 takan kai megabayit 20 zuwa 30. To idan aka ce maka katin gigabayit 64 na ɗauke da waƙoƙi 20,000 da ba a rage musu komai ba, raba ka gani: kowace waƙa ta tashi a megabayit 3 da ɗoriya. Wannan girman MP3 ne mai 128 kbps, ko me aka rubuta a ƙarshen sunan fayil ɗin.

Shi kansa katin ana yi masa ha'inci ta wata hanya da ido ba ya gani. A cikin kowane kati akwai ɗan ƙaramin ayisi da ke gaya wa kwamfuta girmansa. 'Yan damfara sukan sauya masa bayanai, katin gigabayit 16 ko 32 ya riƙa cewa shi 512 ne. Kwamfuta ta yarda, na'urar ma ta yarda. Za ka yi ta zuba waƙoƙi lafiya lau har ainihin wurin ya cika, daga nan sai sababbin fayiloli su riƙa hawa kan tsofaffi, ko su tafi a banza. Sunayen waƙoƙin suna nan a jere, amma ka danna ba sa buɗewa, ko su fara su tsaya a tsakiya. Mutane da yawa a nan suke zargin na'urar, alhali katin ne. Gwajinsa ba wuya: kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka bar katin fanko, sannan ka sa masa manhajar H2testw idan Windows kake amfani da ita, ko F3 a Linux da Mac. Manhajar za ta rubuta bayanai ta cika katin kaf, ta dawo ta karanta, ta faɗa maka nawa ne suka dawo daidai. Yana cin sa'o'i a babban kati, kuma kada ka katse shi a rabi, don ƙaryar a can ƙarshe take. Yin fomat ba ya gyara katin bogi. Duba girmansa a allo kuma ba gwaji ba ne, tunda katin ne da kansa yake faɗar lambar.

Sai fayilolin. A nan ne ake cutar masu kunne sosai, kuma a nan ya kamata a nutsu. MP3 yana rage girma ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Kowa zai iya ɗaukar MP3 ya juya shi zuwa FLAC mai bit 24 a kan 96 kHz cikin daƙiƙoƙi. Fayil ɗin zai kumbura, allon na'ura zai nuna manyan lambobi, amma sautin ciki yana nan yadda yake, kamar hoto mai dishi-dishi da aka faɗaɗa aka sa a babban firam. Buɗe fayil ɗin da manhajar Spek ko Audacity, ka duba zanen da ke nuna yadda sauti ya bazu daga mai kauri a ƙasa zuwa siriri a sama. Idan ka ga an yanke saman kamar da reza, layi miƙaƙƙe daga farkon waƙa zuwa ƙarshe a wajen 16 kHz, asalinsa MP3 ne mai 128 kbps. Yanka a wajen 20 kHz yakan nuna MP3 mai 320 kbps. Idan kuma fayil ya ce shi 96 kHz ne, zanensa ya kamata ya sami fili har 48 kHz. In komai ya tsaya cak a 22 kHz, sama duk baƙi, to CD ne aka hura. A yi adalci dai: tsofaffin waƙoƙin da aka ɗauka da tef suna iya rasa siririn sauti tun asali, amma nasu yakan dushe ne a hankali, ba ya yankewa da layi ɗaya. Gwada waƙoƙi da dama daga wurare daban-daban na katin, domin wasu sukan sa 'yan fayiloli na gaskiya a farkon jeri. Kuma ko da duk na gaskiya ne, kati mai dubban waƙoƙi kyauta kayan sata ne, mawaƙan ba su ga ko sisi ba.

Tambarin Hi-Res Audio, wannan mai ruwan zinari da baƙi, ƙungiyar Japan Audio Society ce ke ba da izinin sa shi tun 2014, kuma sharaɗinsa shi ne na'ura ta iya sarrafa bit 24 a kan 96 kHz ko sama, ɓangaren fitar da sautinta kuma ya kai 40 kHz. Amma a jikin kwali sitika ce kawai, duk mai injin buga takarda zai iya yin ta. Kula kuma da wasan da ake yi da kalmomi: a ce na'ura "tana ɗaukar" FLAC mai 192 kHz ko DSD (wani nau'in fayil na sauti mai inganci). Ɗauka na nufin fayil ya buɗe. Yawancin na'urorin bogi ayisi ɗaya ne ke yin komai a cikinsu, ya buɗe fayil ɗin, ya sauko da shi ƙasa, sannan ya fitar. Sunan ayisin DAC irin su ES9038 ko AK4497 a talla ba hujja ba ne. Ba za ka tabbatar ba sai an buɗe na'urar an duba fanel, buɗewa kuwa tana ɓata maka damar mayarwa, kuma har a can ana goge rubutun ayisi a buga wani. Abin da za ka iya yi daga waje shi ne ka nemi shafin kamfanin, ka ga ko samfurin yana can da ainihin wannan suna, ko suna fitar da sabunta manhajarsa, ko lambar siriyal ɗin jikin na'ura ta yi daidai da ta kwali da ta cikin saituna. Samfurin da babu shi ko'ina sai a shagon mai tallar, a bar masa kayansa. Haka wanda ya zo maka da iPod classic ya ce sabo ne dal a leda: an daina ƙera shi tun 2014, galibin irin waɗannan tsofaffi ne da aka sauya wa gida.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ko ayisin na gaskiya ne, abin da ke isa kunnenka ya dogara da amfilifayar da ke bayansa, kuma wannan ana auna shi da mitar wuta ta masu gyara. Samo tsohuwar wayar iyafis ka yanke, ka fere wayoyin gefe ɗaya. Kunna sautin gwaji na 400 Hz, ka sa mita a kan AC, ka ƙure ƙara, ka karanta. Ƙarfi shi ne bolt sau bolt a raba da ohm. Na'urar da ta yi alkawarin milliwat 500 a kan ohm 32 dole ta fitar da bolt 4. Idan mita ta nuna bolt 1, iyakarta milliwat 31, kuma babban abin ji na kai zai yi sanyi a kanta, kaurin kiɗan ya mutu. Yanzu rage ƙarar zuwa matsakaici, ka rubuta lambar, sannan ka haɗa resisto mai ohm 33 tsakanin wayoyin biyu ka sake karantawa. Cire lamba ta biyu daga ta farko, ka raba da ta biyu, ka ninka da 33. Abin da ya fito shi ne turjiyar kafar fitar da sauti. Misali daga 1.00 ta sauka zuwa 0.77, wannan kusan ohm 10 ne. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na ohm ɗin iyafis ɗinka, wato ohm 2 ga iyafis mai ohm 16. In ya wuce haka launin sautin yana sauyawa, musamman a ƙananan iyafis masu sifika da yawa a ciki. Da irin wannan iyafis ɗin kuma za ka kama ƙarar "shiii": tsayar da waƙa a wuri shiru ka saurara, sannan ka sake yayin da na'urar ke caji.

Kafar 4.4 mm da ake kira balans ita ma ana yin ta bogi. A ta gaskiya wayar dawowa ta hagu da ta dama a rabe suke. A ta bogi an haɗe su a ciki, kafa ce ta kullum da babban rami. Kashe na'urar, ka sa wayar 4.4 mm, ka auna tsakanin wayoyin da ke zuwa zobe na farko da na uku na filoginta, idan an ƙirga daga tsininsa. In mita ta nuna a haɗe suke kai tsaye, an yi maka ƙarya. Na Bluetooth kuwa, idan an rubuta LDAC (tsarin aika sauti mai inganci) amma babu inda za ka zaɓe shi a saituna, mai yiwuwa SBC, tsarin gama-gari, kawai kake ji.

Kada ka yarda da bidiyon talla da ake kwatanta na'ura biyu, domin ta sifikar wayarka kake jin duka. Ko a hannu, wadda ta ɗan fi ƙara ko da desibel 1 ce kunne zai ce ta fi daɗi, kuma masu wannan sana'a sun sani, shi ya sa suke ƙara kauri a saituna tun daga masana'anta. Kashe duk wani gyaran sauti, ka daidaita ƙarar biyun da mita kafin ka yanke hukunci.

Idan gwaji ya kama su, ɗauki hoton sakamakon H2testw da zanen Spek da allon mita, haɗe da hoton tallar kamar yadda take ranar da ka saya, don sukan sauya rubutun daga baya. Shigar da ƙorafi a dandalin da ka yi sayayyar, a ƙarƙashin kayan jabu ko kayan da suka saɓa wa talla. Mai sayarwar zai iya lallaɓa ka ya ce ka rufe ƙorafin zai aiko da sabo, ko ya mayar maka da wani ɓangare ta wata hanya a waje. Kada ka rufe sai kuɗinka sun shigo, domin a dandali da yawa ƙorafin da aka rufe ba ya sake buɗuwa.