Sharhin Unbreakable: Jarumin da Ya Jima Bai Yarda da Kansa Ba

Duk wanda ya zauna kallon Unbreakable, fim ɗin da M. Night Shyamalan ya rubuta kuma ya ba da umarni a shekarar 2000, yana sa ran ganin jarumi na tashi sama yana ragargaza gine-gine, zai yi ta jira har fim ya ƙare. Bruce Willis ne ya fito a matsayin David Dunn, mai gadin filin wasa a birnin Filadelfiya na Amurka, wanda jirgin ƙasa ya yi hatsari da su, mutum 131 suka rasu, shi kaɗai ya tsira babu ko ƙwarzane. Daga nan Elijah Price, wanda Samuel L. Jackson ya taka rawarsa, mutumin da aka haifa da cutar da ke sa ƙashi ya karye da ɗan ƙaramin bugu, ya matsa masa da tambaya guda: ya taɓa yin rashin lafiya a rayuwarsa kuwa?

Fim ɗin tafiyar hawainiya yake yi, kuma a ganina wannan tafiyar ce ƙarfinsa, domin magidancin da aurensa ke tangal-tangal ba zai yarda dare ɗaya cewa ya fi sauran mutane ƙarfi ba. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda David ke ɗaga ƙarafan motsa jiki a ɗakin ƙasa, ɗansa Joseph yana ta ƙara nauyi a ɓoye, har ƙarafa suka ƙare aka ɗaura gwangwanayen fenti, uban kuma yana ɗagawa cikin mamakin kansa. Bayan haka yaron ya nuna wa mahaifinsa bindiga a kicin don ya tabbatar harsashi ba zai ci shi ba, kyamara ta daɗe ba ta yanke ba, iyayen suna lallashinsa murya na rawa. Fargabar da ke wannan ɗan ɗakin ta fi ta faɗace-faɗacen manyan fina-finai da yawa. Kiɗan James Newton Howard ma yana bin labarin a hankali, bai danne shi ba.

Inda ya gaza shi ne ƙarshe. Bayan haƙurin kusan minti ɗari, an tona babban sirrin labarin cikin gaggawa, sannan aka rubuta makomar mutanen a kan allo maimakon a nuna ta, abin da bai dace da natsuwar da aka gina tun farko ba. Duk da haka fim ɗin ya cim ma manufarsa, kuma ya fi Glass na 2019, wanda ya kammala labarin, armashi nesa ba kusa ba.