Kwale-kwalen mutum ɗaya ga mai jiki: na katako ya fi na sassaƙa biyan kuɗinsa

Yawancin ƙananan kwale-kwalen da ake gani a bakin ruwa daga Yawuri zuwa Argungu an yi su ne daidai jikin masunci ɗan siriri. Mai kilo 100 ko 120 in ya shiga irinsu, tun bai ɗaga filafili ba zai ga ruwa yana leƙen bakin jirgi. Mai sayarwa zai ce sabo ne, da ka saba shi ke nan. Sabo yana gyara tuƙi, amma ba ya ƙara wa jirgi faɗi.

Lissafin ba wuya gare shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nutsawa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyin abin da ke cikinsa. Ɗauki na sassaƙa mai tsawon mita 4 da faɗin santimita 45. In aka cire tsukewar gaba da baya, kowane kilo 12 ko 13 da aka ɗora masa yana nutsar da shi santimita ɗaya. Mutum mai kilo 110, da jiƙaƙƙen taru, da kwando, da kifin da aka samu, a ce kilo 160 gaba ɗaya: jirgin ya sauka kusan santimita 13 bayan wanda nauyin kansa ya riga ya ci. Na katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, mita 5 da faɗin ƙasa santimita 70, yana ɗaukar kusan kilo 25 kafin ya sauka santimita ɗaya. Kayan nan dai ba za su nutsar da shi fiye da santimita 7 ba. Bambancin ya kusan ninki, kuma daga faɗin gindi mafi yawansa ya fito, ba daga tsawo ba.

Saboda haka na katakon ne ya fi dacewa da mai jiki da ke neman araha. Na sassaƙa faɗinsa faɗin itacen da aka sare ne, manyan itatuwan kuwa sun yi wuya. Wanda ya faɗo da sauƙin kuɗi yawanci daga siririn gungume aka fafe shi, gindinsa a zagaye kamar akushi, yana mirginawa da zarar an karkata. Mai jiki kuma nauyinsa a ƙirji da kafaɗu yake, sama da bakin jirgi, don haka ɗan miƙa hannun da zai yi ya jawo ƙugiya ya isa ya sa gefe ya sha ruwa. Na madaci mai faɗi, in an same shi, jirgi ne na shekaru, sai dai kuɗinsa ba na mai neman araha ba ne. Na rimi ba shi da nauyi kuma da arha, amma itacen taushi gare shi, yana shan ruwa, yana saurin ruɓewa daga gindi. Araha ba ta ado.

Na katako shi ma da nasa aibin, kuma duk a haɗi yake. Kafin ciniki a sa a kife shi a kan tudu. Bi layin da katakon gefe ya haɗu da na ƙasa, kana danna tsinin wuƙa ko ƙusa. Lafiyayyen katako zai ƙi, ruɓaɓɓe zai karɓa kamar gurasa. Duba launin katakon: jan ciki shi ne mai ƙwari, farin gefen itace shi ƙwaro da ruwa ke fara ci, kuma kafinta mai son rage kuɗi yakan sa shi a inda kwalta za ta rufe. Sabon fenti ko kwalta mai kauri a kan tsohon jirgi abin tuhuma ne, a kankare kaɗan a gani. Kan ƙusoshi ma yana magana. In kowace ƙusa ta yi baƙin zobe a kewayenta, tsatsa ta riga ta ci ramin, kuma ranar da mai nauyi ya taka tsakiyar katakon nan ƙusar za ta saki. Ƙusa mai rufin tutiya, irin wadda ba ta saurin tsatsa, ta fi tsada kaɗan, amma in sabo za a haɗa maka, saye ta da kanka ka kai wa kafinta.

Sai haƙarƙarin jirgi, wato sandunan da ke gicciye a ciki suna riƙe gefe da gindi. Ga mai jiki kada tazararsu ta wuce rabin mita, musamman a wurin zama. Katakon ƙasa kuma kada ya gaza inci ɗaya. In ka tsaya a kai ka ji yana lanƙwasa ƙarƙashin ƙafarka, lanƙwasar nan ce za ta riƙa tofar da audugar da aka cusa a haɗi, ka wayi gari kullum kana kwarfar ruwa. Ruwan cikin jirgi ba nauyi kawai yake ƙarawa ba. Yana gudu zuwa duk gefen da ka karkata, ya ƙara maka karkatar.

Gwaji a kan ruwa ba a barinsa, ko da mai jirgi ya ɓata rai. A wuri marar zurfi, cika jarkoki biyu masu lita 25, kilo 50 ke nan a madadin kaya, ka shiga ka zauna. Daga saman ruwa zuwa bakin jirgi, a wurin da ya fi ƙasa, ya kamata a sami aƙalla taƙi ɗaya, kimanin santimita 20. Wannan na ruwa mai kwanciya ne. A tafkin Kainji, inda iska ke tada igiya kuma hadarin farkon damina ba ya sallama, nemi fiye da haka. Ka girgiza shi da ƙugu hagu da dama, ka miƙa hannu kamar za ka ɗauko abu a ruwa, sannan ka zauna shiru minti goma ka ga ta ina yake tsattsafowa.

Wurin zama shi ne abin da aka fi yi wa sakaci, alhali gyaransa kusan kyauta ne. Katakon zaman da aka kafa daidai bakin jirgi ya yi wa mai jiki tsayi. A saukar da shi ya zama kamar santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, a kuma matso da shi daga ƙarshen baya zuwa wajen tsakiya. In babban mutum ya zauna can baya shi kaɗai, bayan jirgin zai nutse, gaban ya ɗaga sama, iska ta riƙa juya shi yadda ta ga dama. Jarka ɗaya cike da ruwa a can gaba cikin jirgin tana kwantar da shi. Ta fi dutse, domin in jirgi ya cika ba za ta ja shi ƙasa ba. Filafili ma sai an ƙara masa tsawo, tunda faɗin jirgin ya ƙaru, in ba haka ba ƙotarsa za ta riƙa bugun gefe.

Akwai inda na katakon ke faɗuwa. Nauyi gare shi, mutum ɗaya ba ya jan sa kan tudu cikin sauƙi, kuma a dausayin Hadeja da Nguru, inda kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta tsuke hanyoyin ruwa, faɗin nan da ake yabo shi zai maƙale ka. Ranar bazara ma abokiyar gabarsa ce: in aka bar shi a tudu ya bushe, haɗin ya buɗe. A bar shi cikin ruwa ko a inuwa, a sabunta auduga da kwalta kafin damina.

Na faiba, wato na roba mai zaren gilashi, ba ya ruɓewa kuma ba nauyi, amma kuɗinsa ya yi nisa, gyaransa sai mai sinadarin liƙi, kuma in ba a yi masa rufaffen akwatin iska ko soson da ba ya shan ruwa a gaba da baya ba, yana cika sai ƙasa, inda na katako yakan tsaya a saman ruwa a riƙe shi. Ko wanne aka saya, a ware kuɗin rigar ceto daga cikin kuɗin jirgin, a gwada ta a jiki tun a shago, domin ba kowace riga ce ke rufe ƙirjin mai kilo 110 ba.