Hattara da masu tallan "akwatin gyaran caji" na motar lantarki

Jama'a, duk mai motar lantarki da ke yi mata caji a gida ya buɗe kunne. Akwai wasu da suka cika Facebook da WhatsApp da tallan wani ɗan akwati, wai idan ka jona shi tsakanin soket da caja, cajinka ya daina yankewa har abada. Sai ka tura kuɗi cif kafin su aiko, bayan nan ko ka kira ba a ɗagawa.

An kwance ɗaya a gabana. Wallahi babu komai a ciki sai 'yar koriyar fitila da guntuwar waya da aka haɗe nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da ƙafar wayar ƙasa (wayar kariya mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa), aka shafe da gam.

Wannan guntuwar wayar ita ce abin tsoron, ba kuɗin da aka ci ba. Caja mai kyau takan duba wayar ƙasa kafin ta saki wuta, in ba ta same ta ba sai ta tsaya. Gidajenmu da yawa kuwa ba a binne ƙarfen ƙasa ba, ko an binne ya ruɓe da tsatsa. Aikin akwatin shi ne ya rufe wa cajar ido ta ɗauka komai lafiya. Ranar da nutural ya tsinke a kan fal, ko aka juya wayoyi wajen gyara, volt 230 na iya hawa jikin motar kanta. Yaro ya fito tsakar gida ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ya dafa ƙofar mota. Allah Ya tsare.

Kuma ba kullum ne laifin yankewar caji yake ga wayar ƙasa ba. Soket ɗinmu mai ƙafa uku amp 13 yake ɗauka, cajar amp 16 kuwa tana jan kusan kilowat 3.7 awa da awanni. Taɓa filogin ka ji: in ya yi zafi, ko bakin soket ya fara baƙi yana warin roba, ga dalilinka nan. Rage cajar zuwa amp 10, ka raba ta da doguwar wayar jone-jone. Raunin wuta da magariba ma yana tsayar da ita, haka janareton da ke hawa da sauka. Wani lokacin ma motar ce aka saita ta tsaya a kashi 80.

Ka nemo ƙwararren mai aikin wuta ya auna ƙarfin wutar gidan, ya binne ƙarfen ƙasa na gaske, ya ja wa motar layinta daban tun daga mita, da bireka mai yanke wuta idan ta zurare. Wanda ya riga ya sayi akwatin, don Allah ya cire shi yau, ya fasa shi kafin ya yar, kada wani ya tsinta ya jona.