Ruwan folish mai soso ko rinin baduku: wanne zai gyara takalmin da ya yi dabbare-dabbare?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ruwan folish mai soso ko rinin baduku ne zai gyara takalminka da ya yi dabbare-dabbare. Kai shi wajen baduku a rina maka, sannan ka sayi folish na gwangwani ka riƙa bin sa da shi. Kwalbar nan mai soso a baki kuwa, bar ta a shago.

Na duba hoton sau-cikin nan naka ruwan ƙasa, kuma tabo iri biyu na gani. Farin jirwayen da ya zagaye gefe, kusa da tafi, gishiri ne. Takalmi ya jiƙe, ko da ruwan sama ko da ƙafar da aka zura bayan alwala ba a goge ba, ruwan ya kwaso gishirin gumi da na cikin fatar, ya bushe ya bar shi a inda ya tsaya. Wannan ba ya buƙatar rini. Ka sami ruwan khal fari, ka haɗa shi da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa tsumma mai laushi ka matse, ka goge. Kada ka tsaya kan jirwayen kaɗai, bi gefen gaba ɗaya har zuwa ɗinki, in ba haka ba sabon jirwaye zai fito a inda danshin ya ƙare. Ka cusa tsohuwar jarida a ciki, ka ajiye shi a inuwa ya bushe don kansa.

Ɗaya tabon, wanda ke saman ƙafar hagu, ko ba a faɗa mani ba na san kana hawa babur. Ƙarfen giya ne ya cinye launin. Nan babu abin da za a goge, launin ne ya tafi, sai an mayar da shi. Kuma a nan ne abubuwa biyun da kake tambaya suka rabu.

Rini shiga yake cikin fata. Ruwa ne tsinkakke, galibi a sifirit aka narka launin, fatar ta tsotse shi, sifirit ɗin ya tashi ya bar launin a ciki. Shi ya sa ko takalmin ya lanƙwasa wajen yatsu babu abin da zai fashe. Ruwan folish kuwa a sama yake kwanciya, ya bushe ya zama ɓawo mai ƙyalli, tamkar fentin da aka shafa wa katangar laka ba a yi mata yaɓe ba. Ranar farko kowa zai yaba. Da an taka an sake takawa, sai ya tsattsage daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa, ƙurar hunturu ta shiga tsagar ta zauna, sai ka ƙara wani a kai, ɓawo kan ɓawo. Ga shi launukansa kaɗan ne, kana iya samun ruwan ƙasa mai duhu, ba ruwansa da cewa naka mai haske ne. Tabon da ya koɗe zai koma tabo mai duhu, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Ina da wani takalmi ruwan makuba da nake ji da shi, na zuwa Juma'a da ɗaurin aure. Wata damina ruwan Agusta ya tare ni wajen Mashi ina dawowa daga ɗaurin aure a Daura, na iso Katsina takalmin ya sha ruwa ya ƙoshi. Da ya bushe sai ya fito kala uku, ga cin giya a hagu irin naka. Na kai wa wani dattijon baduku da ke zama ta wajen Ƙofar Marusa. Bai yi saurin yanka mani kuɗi ba. Ya jujjuya shi, ya ɗaga harshen ya leƙa ƙasansa, ya ɗiga ruwa a wurin da ya koɗe, muka zauna muna kallo har fatar ta shanye. Ya ce, "To Alhaji, wannan zai karɓi rini." Ni da ban taɓa zuwa ko Jidda ba, amma na amsa.

Abin da ya burge ni shi ne rabin aikin duk wanki ne. Ya sa buroshi ya kakkaɓe, ya ɗauki auduga da sifirit ya dinga cire tsohon folish har audugar ta daina baƙi, don rini ba ya ratsa kaki. Sannan ya haɗa launin a murfin kwalba, ya gwada a ƙarƙashin harshe inda ido ba ya kaiwa, ya jira ya bushe, ya ƙara ɗan ja. Ya fara da wurin da ya koɗe, shafa sama-sama, a bari ya sha iska, a sake. Daga baya ya bi ƙafa biyun gaba ɗaya don kada ɗaya ta fi ɗaya. Ya ce in dawo gobe, ba ya ba da takalmi da ɗanyen rini. Da na koma ya shafa masa ɗan mai saboda sifirit na busar da fata, ya bi da folish, ya murza da tsumma. A tsakani kuma na sha labarin jima: yadda majema ke jiƙa fata da bagaruwa, yadda ake samun ja daga karan dafi, baƙi kuma daga kuloko, wanda da kashin maƙera ake haɗa shi. Takalmin yana nan, ya ɗan fi da duhu, amma launi ɗaya, kuma har yau shi nake sawa in za a fita kunya.

Wannan duhun ka sa shi a lissafi tun yanzu. Rini ƙara duhu yake, ba ya mayar da fata haske. Ruwan ƙasa mai haske zai iya komawa mai duhu, mai duhu ya koma baƙi, amma ba a dawowa baya. Saboda haka kada ka bari a ce maka "a yi masa baƙi kawai a huta" sai in kai ne kake so. Baƙi shi ne mafi sauƙi ga mai aiki, shi ya sa wasu ke saurin kawo shawarar.

Ruwan folish, don kada a ce na yi masa rashin adalci, yana da amfani a bakin tafi da dunduniya, da takalmin makarantar yara da safe in an makara. Iyakarsa ke nan a wurina.

Shi kuwa na gwangwani, kaki ne da ɗan launi, ba ya gyara koɗewa mai zurfi, amma shi ke tsare aikin da baduku ya yi. Irin su Kiwi tun 1906 ake yin sa, daga Ostareliya ya faro, kuma yadda ake shafa shi bai canja ba: kaɗan a tsumma, a murza a zagaye, a bari ya ɗan sha iska, a bi da buroshi. Masu lafta shi da yawa su ke sa takalmi ya yi ta kama ƙura. In launinka ya yi wuyar samu, sayi mara launi, ya fi ka shafa wanda bai dace ba.

Yanayin garinmu ma sai an yi da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na tsotse man fata, ta bushe ta fara tsagewa, don haka kafin folish a ɗan shafa mai. Man kaɗanya yana yi, amma ɗan mitsitsi a yatsa, kuma a gwada a ɓoye tukuna domin yana ƙara duhu. Man gyaɗa kada ka kusanta, yana ɗoyi in ya daɗe, ga kiran tururuwa da ɓera. Da damina kuma fumfuna ce matsala, musamman ga mai ajiye takalmi cikin leda a ƙarƙashin gado. Ita ma ruwan khal ɗin nan yana kashe ta. Sai ranar Afrilu, wadda kan wuce digiri 40: takalmin da aka bari a ƙofar masallaci tun kafin huɗuba har a sallame, a hankali launinsa ke tafiya. Ka nema masa inuwa ko ka kife shi. Kuma in za ka fesa turare, fesa kafin ka sa takalmi, don ɗigon turaren fesawa na cin launi kamar yadda sifirit ke yi. Garin sabulun wanki, fetur, kananzir da shanya a bakin murhu, duk a'a.

In takalmin gida ne, irin na dukawa da aka jeme da bagaruwa, shi halinsa daban. Yana jiƙe ya taɓa ƙarfe mai tsatsa, ko kan ƙusa, sai ya yi baƙin tabo, domin abin da ke sa kuloko baƙi ke nan, ƙarfe ya gamu da bagaruwa. Ruwan lemun tsami na rage shi, a goge da danshi, a bi da mai. Mai gashi-gashi kuma, wanda ake ce wa suwed, ko folish ko mai kada ya taɓa shi, buroshi kawai.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa tunda jama'a na karantawa. Ku yi hattara da wasu masu takalman gwanjo. Sukan sami wanda ya tsage ko ya koɗe, su lafta masa wannan ruwan folish ɗin har tsagar ta ɓace, su jera a rana yana walƙiya. Ka tafi da farin hankici, ka murza wajen lanƙwasa, ka kuma lanƙwasa takalmin da hannunka ka duba. In mai kaya ya hana, ka san dalili. Haka masu rantse maka cewa fata ce zalla, har su kunna laita su wuce da wutar a kai. Wutar da aka gilma da sauri ko roba ba ta ƙonawa. Duba bakin da aka yanke da kuma bayan harshe: fata zare-zare take kamar gashi, ta roba kuwa yadi za ka gani an manna mata. Folish ɗin gwangwani shi ma akwai jabu, tambari iri ɗaya, amma kana buɗewa warin kananzir ya buge ka, ko ka tarar ya bushe ya rabu da gefen gwangwanin. Buɗe a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi.

Su ma masu gyaran ba duka ba ne. Akwai yaran da ke yawo da akwati suna ƙwanƙwasawa, suna da kyau wajen goge takalmi da ɗinke tafi, amma in ka ce rini, wasu fenti za su shafa su ce maka rini ne. Tambayi mutum da me zai cire tsohon folish, kuma yaushe za ka dawo ka karɓa. Wanda ya ce zauna yanzu za a gama, karɓi takalminka.

Kafin ka fita gobe, ka ɗiga ruwa a wurin da giya ta cinye. In ya shanye wurin ya yi duhu, fata ce, rini zai kama. In kuwa ruwan ya tsaya a sama, kuma ka ga wurin yana ɗayewa yadi na leƙowa daga ƙasa, roba ce, babu rinin da zai zauna mata, kada ka kashe ko sisi a kai. In fatar ce, ka tafi da ƙafa biyun, ka ce a gwada launin a ƙarƙashin harshe a gabanka, kuma ka sa a ɗinka maka ɗan ƙyallen fata mai maɗauri da za ka riƙa ɗaurawa a ƙafar hagu in za ka hau babur.